Filashin da ya yi gudu da bidiyo, ya gurgunce da ƙananan fayiloli

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan filashin. Gigabait 128 ne, jikinsa na ƙarfe, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ga ɗan rami a gindinsa na rataya makulli. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin halin da zan faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai, kusan duk 'yan uwansa masu irin wannan siffa haka suke. A jikin kwalin an buga "megabait 150 a daƙiƙa" da manyan lambobi. A can ƙasa, da rubutun da sai ka kanne ido kafin ka gani, an ƙara cewa "har zuwa" ake nufi, kuma gudun karatu ake magana. Ban karanta wannan ɓangaren ba sai bayan da abin ya faru.

Gwajin farko ya burge ni. Na jefa masa bidiyo guda mai kusan gigabait 4, ya fara da gudu, can ya ɗan sassauta, amma cikin 'yan mintuna ya gama. Da na zo kwaso bidiyon daga cikinsa zuwa wata kwamfutar kuwa, kafin in gyara zama ya shige. Na ce lallai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Washegari na ɗauko ainihin aikin da na saye shi dominsa. Ina da wata folda da na shafe shekaru ina tarawa: tsofaffin wasiƙun imel, 'yan rubuce-rubucena, ƙananan hotunan takardu, da tarkacen manhajojin da na taɓa rubutawa. Fayiloli ne wajen 40,000, amma gaba ɗayansu ba su wuce gigabait 2 ba, wato rabin bidiyon jiya. A lissafina, rabin lokacin jiya ya isa. Na danna kwafi. Akwatin da ke nuna sauran lokaci ya ce minti 8, can ya ce 25, can ya ce awa 1, can ya daina faɗin komai. Layin gudun ya kwanta ƙasa, yana ɗan ɗagowa yana komawa sifili, kamar mai numfashi da ƙyar. Na tashi na yi wasu ayyukan na dawo, yana nan. Sai da ya haura awa ɗaya da rabi sannan ya gama, jikinsa ya yi zafi har ba na iya riƙe shi da kyau.

Abin da ya fi ba ni haushi ya zo bayan haka. Ina da wani tsohon faifai mai juyawa, had-disk ɗin da na ciro daga laftof ɗin da ta mutu, na sa shi cikin ɗan akwatin USB. Ya girmi filashin da shekaru da yawa, idan yana aiki har ƙarar allurarsa kake ji tana ƙas-ƙas. Don in huce na kwafa masa foldar nan, da kwamfuta ɗaya, da ramin USB ɗaya. Cikin kusan minti 20 ya kammala.

Ƙanena yana gefe yana kallo, ya ce, "Yaya, jabu aka sayar maka. Ai filashi ba shi da abin da ke motsi a ciki, ta yaya wannan tsohon zai riga shi?" Ni ma zargina ke nan. Na gwada shi da H2testw, manhajar nan da ke cika filashi fal da bayanai sannan ta karanto su don ta kama masu ƙaryar girma. Ya ci jarrabawa, gigabait ɗinsa cif, ba kuskure ko ɗaya. Filashin na gaske ne. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Mu fara da tsohon, domin nasa lissafin a fili yake. Faifan laftof irin nawa yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 11 da ɗoriya (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Idan aka ce ya rubuta wani abu a wani wuri, sai hannun da ke ɗauke da allurar ya matsa zuwa layin da ake so, wannan yakan ci wajen milisakan 12 a irin waɗannan ƙananan faya-fayan. Sannan ya jira wurin ya zagayo ƙarƙashin allurar, a matsakaici rabin zagaye, milisakan 5.6. Ka haɗa, kowane rubutu a sabon wuri yana cin kusan milisakan 18, wato rubutu 55 zuwa 60 a daƙiƙa. Babban faifan tebur mai juyi 7,200 yakan kai 75 zuwa 100. Idan kowane rubutu kilobait 4 ne, duka-duka bai kai rabin megabait a daƙiƙa ba. Tafiyar hawainiya ce, amma tafiya ce wadda ba ta canzawa: ko faifan sabo ne ko tsoho, ko wurin da za a rubuta akwai wani abu a kai ko babu, kuɗin shiga ɗaya ne. Maganaɗisun da faifan ke ajiye bayanai a kansa ba ya buƙatar a share shi kafin a sake rubutu a kansa. Tun faifan farko da IBM ta fitar a 1956, mai faranti 50 masu faɗin inci 24, dokar nan ba ta sauya ba, gudu kawai aka ƙara aka rage girma. Ga shi kuma faifan yana da 'yar dabara: yakan tara umarni a ma'ajiyarsa ta wucin gadi ya jera su yadda allurar za ta bi su a hanya ɗaya, ba ta je ta dawo ba.

Filashi kuwa halittarsa daban ce, kuma sunansa ma daga wajen sharewa ya samo asali. Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, nau'in NAND da muke amfani da shi ya gabatar a 1987. Abokin aikinsa Shoji Ariizumi ne ya ba da shawarar sunan, domin yadda ake share bayanai da yawa lokaci guda ya tuna masa walƙiyar fitilar kyamara. To, wannan sharewa ta lokaci guda ita ce albarkarsa, ita ce kuma masifarsa.

Ku ɗauka ma'ajiyar cike take da kundaye, kowane kundi da ɗaruruwan shafuka. Shafi guda kilobait 4 ne zuwa 16, kundi guda kuwa a filashin zamanin nan yakan kai megabait da dama. Kana iya karanta kowane shafi kai tsaye. Kana iya rubutu a shafin da yake fari. Amma shafin da aka riga aka rubuta ba ya gyaruwa, kuma ba a share shafi ɗaya shi kaɗai, sai dai a share kundin gaba ɗayansa. Karatu yana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milisakan, rubutu ya ninka haka sau da yawa, sharewa kuwa milisakan da dama. Kuma kowane kundi yana da iyakar sau nawa za a share shi kafin ya gaji.

Ita kwamfuta ba ta san da wannan ba. Har yanzu tana magana da filashi kamar yadda take magana da faifai: rubuta wannan a gida mai lamba kaza, sake rubuta wancan a gida mai lamba kaza. Wanda ke tsaye a tsakani wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ake kira kwantirola, ni dai akawu nake ce mata. Aikin akawun nan shi ne ya karɓi umarnin, ya nemi farin shafi ya rubuta, ya sa wa tsohon shafin alamar cewa ya mutu, sannan ya rubuta a taswirarsa cewa gida mai lamba kaza yanzu ya koma can. Duk bambancin da ke tsakanin filashi mai kyau da marar kyau, a wajen ƙananan rubutu, a hannun akawun nan yake.

Akawun da ke cikin ɗan filashi irin nawa talaka ne. Ba shi da wurin ajiye babbar taswira, don haka ba ya bin diddigin shafi-shafi, manyan yankuna yake riƙewa, sau da yawa masu megabait 4 ko fiye. Kuma yankuna kaɗan ne yake iya buɗewa a lokaci guda. Muddin kana rubutu a jere, shafi bayan shafi, kamar bidiyo, ba shi da matsala: ya cika wannan kundin ya buɗe na gaba. Da zarar ka fara yi masa tsalle-tsalle, rubuta nan, koma can, dawo nan, sai wuraren da yake iya buɗewa su ƙare. Kafin ya buɗe sabo sai ya rufe tsoho, rufewar kuwa tana nufin ya kwashe duk shafukan da ke raye ya haɗa su da sabon da ka kawo ya rubuta a wani kundin, ya share na da. A mafi munin hali, don ka canza kilobait 4, sai ya sake rubuta megabait 4, ninki sama da dubu. Mu ƙaddara yana rubuta megabait 20 a daƙiƙa a cikinsa. Kowane irin wannan kwashe-kwashe zai ci kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wato rubutu 5 kacal a daƙiƙa. Tsohon faifaina yana yin 55. Ga amsar ƙanena nan: ba abin da ke motsi a ciki, amma akwai wanda ke ta kwafe kundaye da hannu a bayan labule.

Wani zai ce, ai kwafar folda rubutu ne a jere, me ya kawo tsalle? Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, yana taɓa aƙalla wurare uku: inda bayanansa za su zauna, inda za a rubuta sunansa a cikin folda, da teburin da ke nuna waɗanne wurare aka kama. Wuraren nan ba a kusa da juna suke ba. Fayil 40,000 ke nan ya zama rubutu sama da 100,000 a warwatse. Windows kuma, don kada ka zare filashi ba sallama ka yi asara, yakan sa shi a tsarin saurin cirewa, inda ba ya tara rubutu ya aika a dunƙule, kusan kowanne sai ya tura nan take. Na canza zuwa ɗayan tsarin, wanda aka yi don inganta gudu, abin ya ɗan yi sauƙi, amma ba sauƙin da zan yi wa kowa albishir da shi ba.

Taurin kai ya sa ban tsaya nan ba. Na girka Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kansa, domin burina tun farko in riƙa yawo da tsarina a aljihu, duk kwamfutar da na samu in soka in yi aiki. Kunnawa ba laifi, domin kunnawa karatu ne, kuma a karatu ko a warwatse ne filashin ya fi faifan nesa ba kusa ba. Wannan gaskiyarsa ce, dole in ba shi. Matsalar tana farawa da ka buɗe burauza. Kana cikin rubutu sai komai ya daskare daƙiƙa uku, huɗu, linzami yana motsi amma ba abin da ke amsawa, sannan haruffan da ka danna su zubo gaba ɗaya. Dalili kuwa, burauza tana ajiye tarihin shafuka da sauran tarkacenta a ƙananan rumbunan bayanai na wata manhaja mai suna SQLite, kuma duk lokacin da ta rubuta abu takan tsaya ta ce sai an tabbatar mata ya sauka a ma'ajiya kafin ta ci gaba. Su masu SQLite da kansu sun yi lissafin cewa faifai mai juyi 7,200 ba ya wuce kusan irin wannan tabbataccen rubutu 60 a daƙiƙa, saboda kowanne sai faifan ya zagayo sau biyu. Sun kawo wannan ne a matsayin misalin jinkiri. Filashina da zai samu 60 ɗin nan da ya yi murna. Ranar da na ce ya sabunta manhajojin tsarin, aikin da faifan ke gamawa kafin in ƙosa, sai da na bar shi ya kwana yana yi.

Na yi 'yan dabarun da aka sani. Na hana tsarin ajiye tarihin lokacin da aka buɗe kowane fayil, abin da ake kira noatime. Na mayar da tarkacen burauza cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Na gwada F2FS, tsarin fayil ɗin da Samsung ta ƙera musamman don filashi, wanda ya shiga Linux a 2013, shi yakan tattara ƙananan rubutu ya mayar da su jere kafin ya miƙa wa akawun. F2FS ɗin ne ya fi taimakawa, daskarewar ta ragu sosai. Amma duk wannan lallaɓa ne, kamar mai tafiya da takalmin da ya matse shi.

Idan za ku gwada naku, CrystalDiskMark ya isa, kuma kyauta ne. Yana fitar da layuka huɗu. Na sama, mai SEQ1M, shi ne lambar da ke jikin kwali, shi kowa yake ɗauka hoto ya nuna. Ku sauko layin ƙarshe, RND4K Q1T1, ku dubi ɓangaren rubutu. Wannan shi ne ƙananan rubutu a warwatse, ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne ya fi kama da abin da kwamfuta ke yi yini guda. A nawa filashin, lambar ta fara da sifili da ɗigo da wani sifilin. Sai dai a kula, gajeren gwaji a kan sabon filashi yana iya yin ƙarya, domin farin shafi yana nan birjik, akawun bai fara shan wahala ba. A cika shi ya wuce rabi, a goge, a sake cikawa, sannan a gwada. Masu Linux suna da fio na Jens Axboe, wanda za ka ce masa ya yi ta rubutu na minti 10 ko 20 ba tsayawa, ya kuma nuna maka rubutu mafi jinkiri da aka samu. Wannan lambar ta fi matsakaicin gudu amfani a wajena, domin mutum ba ya jin matsakaici, daskarewar nan ta daƙiƙa huɗu yake ji.

Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na samo ƙaramin SSD, wato ma'ajiyar da ke maye gurbin had-disk ba tare da abin da ke juyawa ba, mai mahaɗin SATA irin na faifan, na cire tsohon faifan daga akwatinsa na sa shi a ciki. Foldar nan mai fayil 40,000 ta shige cikin 'yan mintuna, kuma yawancin lokacin ma kwamfutar ce ke jinkiri ba shi ba. Linux ɗin da ke daskarewa ya zama kamar a cikin kwamfutar aka girka shi. Abin lura shi ne, ma'ajiyar da ke cikin SSD ɗin da ta cikin filashin dangi ɗaya ne, duk NAND ne, duk dokar shafi da kundi ce ke kansu. Akawun ne ya bambanta. Na SSD yana riƙe taswira ta shafi-shafi, a mafi yawan masu kyau yana da RAM nasa na kansa, kusan megabait 1 ga kowane gigabait 1 na ma'ajiya. Don haka duk inda kwamfuta ta ce a rubuta, shi a jere yake zubawa a cikin kundin da ke buɗe, taswira kawai yake gyarawa. Rubutun warwatse ya zama na jere ke nan ba tare da kowa ya sani ba. Yana kuma da hanyoyi da yawa zuwa ma'ajiyoyi daban-daban, yana rubutu a wannan yana sharewa a wancan. Shara kuma yakan bari sai ya samu sarari ya yi ta. Shi ya sa takardun SSD na SATA masu kyau suke ambaton ƙananan rubutu 80,000 zuwa 90,000 a daƙiƙa idan an jero musu umarni 32 a layi. Ko ka yi musu ɗaya bayan ɗaya, dubbai ne masu yawa. Ka tuna faifan yana 55.

Ba tun asali SSD yake haka ba. Wajen 2008 an sayar da masu araha da yawa waɗanda akawunsu bai fi na filashina ba, mutane suka cire faifai suka sa su, suka tarar kwamfuta tana tsayawa cak idan ƙananan rubutu sun taru. A shekarar ne Intel ta fitar da X25-M, wanda gudunsa na rubutu a jere bai kai na wasu abokan gasarsa ba, amma a ƙananan rubutu ya bar su a baya, kuma daga nan ne masu gwaji suka fara ɗaukar layin kilobait 4 da muhimmanci. Windows 7 ya zo a 2009 da umarnin TRIM, hanyar da kwamfuta ke gaya wa SSD cewa fayil kaza an goge shi, kada ka wahalar da kanka kwashe shafukansa. Kafin wannan, akawun yana ta tattalin gawarwaki yana zaton rayayyu ne.

SSD ɗin nawa ma ba waliyyi ba ne. Da na cika shi ya haura kashi 90 cikin 100, na ji ya fara nauyi, domin farin kundi ya yi ƙaranci, shara ta dawo tana cin lokacin aiki. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suke ɓoye wani kaso. Ma'ajiyar da a zahiri ta kai gigabait 137 sai a sayar da ita a matsayin 128, rarar kusan kashi 7 ke nan, ko a matsayin 120, rarar kusan kashi 14, duk don akawun ya samu wurin juyawa. Ni yanzu nakan bar masa kashi ɗaya cikin biyar ba komai. Sannan yawancin na yanzu suna cusa bit 3 ko 4 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) a kowane ɗan gurbi, abin da ke sa rubutu jinkiri, sai su ware wani yanki suna rubuta bit 1 kawai a ciki don sauri. Idan ka zuba masa babban kaya ya cika yankin, za ka ga gudun ya faɗo rabi ko ƙasa da haka. Akwai kuma batun akwatin: ba kowane akwatin USB ne ke wuce da umarnin TRIM ba, sai mai goyon bayan wata ƙa'idar USB da ake kira UASP, shi ma ba duka ba. Nawa na farko bai wuce da shi ba, sai da na canza.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, an daɗe da sanin wannan ciwon, mu masu saye ne ba a gaya mana. Tun a Windows Vista, a 2007, akwai ReadyBoost, inda kake soka filashi ya taimaka wa faifai. Kafin ya yarda da filashinka sai ya gwada shi: megabait 2.5 a daƙiƙa na karatun kilobait 4 a warwatse, da megabait 1.75 na rubutun kilobait 512 a warwatse. Filasai da yawa sun faɗi wannan jarrabawar. Ku lura ma, a ɓangaren rubutu ba su yi gangancin gwada kilobait 4 ba. A wajen memori na waya da kyamara kuwa an ɗan yi gyara. Alamomin nan na Class 10 da U3 da V30 duk gudun jere suke nufi, na masu ɗaukar bidiyo. Amma daga 2016 ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar SD ta fito da alamar A1, wadda ke alƙawarin ƙananan karatu 1,500 da ƙananan rubutu 500 a daƙiƙa, sai A2 da ta biyo baya mai 4,000 da 2,000, kodayake ita A2 sai na'urar ma ta iya magana da ita sannan a ga amfanin. Duk mai ɗora tsari a kan memori, kamar masu 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wannan ƙaramar alamar ya kamata ya nema. Filashin USB kuwa har yau ban ga wata alama irin wannan a jikin kwalinsa ba. Lamba ɗaya ce, ta karatu, a jere, "har zuwa".

Kada kuma wani ya ji na yabi tsohon faifaina ya ruga ya sayi sabo yana zaton halinsu ɗaya. Da yawa daga cikin faya-fayan yanzu, musamman ƙanana na laftof da na aljihu, ana ƙera su da fasahar SMR, inda layukan rubutu ke hawa kan juna don a samu ƙarin wuri. Sakamakon haka, ba za ka gyara layi ɗaya ba sai ka sake rubuta na kusa da shi, wato faifan ya ari ciwon filashi ke nan, ga kuma jinkirin allura bai rabu da shi ba. Yana da wani yanki da yake tara ƙananan rubutu a ciki, idan ya cika sai ka ga faifan ya tsaya yana ta ƙara shi kaɗai. A 2020 an yi ta cece-kuce da aka gano ana sayar da irinsu ga masu rumbun ajiya ba tare da an rubuta a jiki ba. Nawa dai ya tsira ne don an haife shi kafin a fara wannan.

To, me zan ce game da filashin kansa? Jikinsa yana da ƙwari, ya faɗi ƙasa sau da yawa, ya taɓa shiga wanki cikin aljihun wando ya fito lafiya, abin da faifan ba zai taɓa jurewa ba. Ba shi da murfin da zai ɓace. Yana zafi idan ya daɗe yana rubutu, kuma siririn jikinsa ba ya tare ramin da ke kusa. Ga bidiyo, ga manyan hotuna, ga faifan girka tsari wanda za ka rubuta sau ɗaya ka karanta sau ɗari, ban da ƙorafi a kansa. Ga ɗora tsari, ko rumbun bayanai, ko aiki kai tsaye a kan folda mai tarin ƙananan fayiloli, ba zan ba wa ko maƙiyina shawara ba. Akwai filasan da aka sa wa akawun SSD na gaske a ciki, sun fi kauri, sun fi nauyi a hannu, kuma yawanci masu su sukan rubuta gudun rubutu a kwali ba tare da kunya ba. Wanda ya ɓoye wannan lambar, yana da dalilinsa.

Foldar nan tawa har yanzu a cikinsa take kwana, amma ba yadda na fara ba. Yanzu nakan dunƙule ta da 7-Zip a kan kwamfuta ta zama fayil guda, ko matsewa ba na sa shi yi, haɗewa kawai, sannan in tura. Fayil 40,000 ɗin da suka ci awa ɗaya da rabi, a dunƙule ba sa kai minti 3. Ƙanena ya ga haka ya ce in ba shi tsohon faifan tunda na samu SSD. Na ce masa ya ɗauki filashin in yana so, faifan dai yana nan a aljihun teburina.